Rukunin Masu Lafiya

Wynnum, Brisbane
Watan Satumba

Zuwa ga ƙanwata Glenys,

Gaisuwa mai yawa daga bakin teku zuwa can cikin tudu. Ina fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da mijinki Athol. Yaya ƙugun naki? Kin ce likita ya hana ki hawa tsani, ni kuwa na san ki, na san har yanzu ke kike hawa share magudanar rufi. Ruwa ya sauka a Barcaldine kuwa?

Kin tambaye ni a waya me nake yi da kaina, na ce lafiya lau, kika ce wannan ba amsa ba ce. Kunnena ba ya ɗaukar magana ta waya yanzu, shi ya sa na koma ga alƙalami. Gaskiyar ita ce ranakuna duk kamanninsu ɗaya, in ban da Talatar farko ta kowane wata. Ban taɓa yi miki bayaninta sosai ba, domin lokacin da matata Noelene take da rai ita ce mai ba da labari a gidan nan, ni nawa gyaɗa kai.

Kin tuna lokacin da ciwon suga ya fara cin ƙafafunta. Likitanta ya haɗa ta da wasu masu bincike a jami'a. Suna da na'urar da ke leƙa cikin fatar nan mai garai-garai da ta rufe baƙin ido, ta nuna jijiyoyin da ke ciki, ba yanka ba allura, mutum yana zaune da ransa. Sun ce abin da ke samun jijiyoyin ƙafa yakan bayyana a ido tun kafin mutum ya ji a jikinsa. Ni rakiya kawai na je. Ina zaune da jarida sai shugabar aikin ta tsaya a kaina, Dakta Sela Vainikolo, doguwar mace 'yar ƙasar Tonga mai dariya da ƙarfi. Ta ce, "Baba, kana da suga?" Na ce a'a. Ta ce, "Giya fa?" Noelene ta amsa daga cikin ɗaki, "Sai ranar Kirsimeti, shi ma barci yake yi kafin ya ga ƙarshen kofin." Ashe haka suke samun mutane. Kowane mai ciwo sai an gwada idonsa da na mai lafiya sa'ansa, kuma ba su da wurin samun masu lafiya da ya fi mazaje da matan da suka zo rakiya. Ranar aka sa Noelene a rukunin masu ciwo, aka sa ni a rukunin masu lafiya.

Ana ɗiga maka magani ido ya daina ji. Ka ɗora haɓa a kan wani ɗan ƙarfe, ka jingina goshi, ka kafa ido a kan ɗigon haske, sai bakin na'urar ya matso ya taɓa idon kansa. Ranar da aka fara nuna mini hoton nawa a kwamfuta sai da na yi dariya. Fararen zare ne a miƙe, jere da juna. Na ce musu ai na san waɗannan, rabin rayuwata na yi ina hawa turakun wayar tarho tsakanin garuruwan Roma da Quilpie na can cikin tudu. Na Noelene kuwa tsinke-tsinke suke, kamar layin tarho bayan guguwa. Jakarta kawai ta gyara a cinya.

Da ta rasu na ɗauka shi ke nan. Amma Dakta Sela ta zo jana'iza cikin baƙaƙen kaya, da tabarma ɗaure a ƙugu irin ta mutanensu, ta riƙe hannuna ta ce kada in daina zuwa. Ta ce masu lafiya da suka haura tamanin wuyar samu gare su, kusan ni kaɗai take da shi. Bayan haka kuma ɗalibanta a idona suke koyon aiki, wai ba na ƙiftawa, ba na zabura. Shi ya sa nake zuwa kowane wata.

Nakan aske gemu, in sa rigar nan mai ruwan toka, in hau jirgin ƙasa. A ɗakin jira akwai shayi, akwai kuma Clarrie Boland, tsohon ɗan dakon tashar jiragen ruwa, wanda suga ya riga ya ci masa yatsun ƙafa. Da na shigo sai ya ɗaga sanda ya ce, "Ku tashi tsaye, ga Mai Lafiya! In wannan ƙwarangwal ɗin ne ma'auninmu, ai mun shiga uku." In ce masa, "Da ka rage cin kek da yanzu kana wannan kujerar." Ya ce, "Allah Ya kiyaye. Kai dubi abin da lafiya ta mai da kai."

A can ne kaɗai ake kiran sunan Noelene ba tare da an sassauta murya ba. Sun san yadda take shan shayinta. Sun san takan zagi na'urar.

Ga abin dariya kafin in rufe. Jiya na je har akwatin wasiƙu na dawo, sai maƙwabciyata ta nuna mini silifa ɗaya a tsakiyar ciyawa. Da ƙafa ɗaya tsirara na yi tafiyar ban sani ba. Tsufa ke nan.

Ki gai da Athol, ki ce masa ya riƙe tsanin tunda ba zai hau ba.

Yayanki,
Mervyn


Wynnum
Watan Oktoba

Ƙanwata Glenys,

Ina gaishe ki, ina gai da Athol. Na ji daɗi da kika ce tankin ruwanku ya cika. Ina fatan ƙugu ya yi sauƙi. Nan bishiyar jakaranda ta zuba fure, duk titin ya zama shuɗi, ni kuma ina taka shi a hankali don santsi.

Zan faɗa miki wani abu, amma ki yi mini alkawari ba zai kai kunnen Leanne ba. 'Yar tawa tana Perth da nata nauyin, in ta ji sai ta hau jirgi ta zo da takardun gidan tsofaffi.

Makon jiya na ga jini a daɓen kicin. Ɗigo-ɗigo ne, daga wajen tukunyar shayi har bakin ƙofa. Na tsaya ina tunanin ko kyanwar maƙwabta ce ta shigo da wani abu. Sai da na bi sawun na ga ni yake bi. Na zauna na ɗaga ƙafar hagu, ga guntun kofin da na fasa kwanakin baya ya shige tafin. Na cire shi da hannuna, Glenys, ban ji komai ba. Kamar daga takalmin wani na cire shi.

Na san wannan abin. Na yi shekaru ina durƙusawa kowace yamma ina duba ƙafafun Noelene da tocila, ina taɓa yatsunta ina cewa, nan fa? Tana cewa, ka taɓa ne? Ba sai an gaya mini ba.

To, Talatar wannan watan ta faɗo daidai da gwajin ƙafa, wanda akan yi mana jefi-jefi. Sista Bronwyn ce ke yi. Ka kwanta ka rufe ido, ta riƙa taɓa tafin ƙafarka da wani ɗan zare mai kauri kamar na fatsa, in ka ji ka ce e. Ciwon nawa na rufe shi da filasta, na ce mata ƙaya ce. Na daɗe ina kwanciya a gadon nan, na san duk lokacin da za ta taɓa sai ta sunkuyo, kujerarta ta yi ƙara. Sai na riƙa sauraron kujerar. Kunnen da ba ya jin waya, ranar ya ji kujera. Ta yi ƙara, in ɗan jira, in ce e. Da muka gama ta dafa gwiwata ta ce, "Merv, ƙafafunka sun fi na mijina." Na ce mata ta gaishe shi.

Da na fito Clarrie ya ce, "Yaya, Mai Lafiya, an ci jarrabawa?" Na ce an ci. Ya tura mini farantin biskit da sandarsa. Ban ɗauki ko ɗaya ba.

Kada ki ce ban san abin da na yi ba. Amma ki duba. In na faɗa, za su cire ni. Ba mugunta ba ce, ƙa'idar aikin ke nan, mai lafiya ake nema. In sun cire ni, ina zan sa rigar nan in je? Abokan aikina duk sun tafi. A coci an canja fasto, sabon yana ce mini Melvin. Wata guda cur nakan yi ina tara abin da zan faɗa wa Clarrie. Ba wani abu nake nema ba, kujerar nan kawai, da kofin shayi, da wanda zai ce, da Noelene na nan da ta ce kaza.

Ki yi haƙuri da rubutun.

Naki,
Mervyn


Wynnum
Watan Nuwamba

Glenys,

Gaisuwa gare ki da Athol, da fatan zafin can bai matsa muku ba. Takardarki ta iso. Na karanta ta a tsaye, sannan na zauna na sake karantawa. Muryar Mama na ji a ciki tun daga layin farko.

Na yi abu ɗaya cikin biyun da kika ce. Na je wurin likitana, an ɗebi jini. Ba suga ba ne. Ya ce akwai tsofaffin da jijiyoyinsu ke mutuwa haka kawai ba a san dalili ba, zai tura ni wurin wani ƙwararren likita. Ya wanke ciwon ya ɗaure, ya ce bai son yadda yake jinkirin warkewa.

Na biyun, wato in gaya wa Dakta Sela gaskiya, ban yi ba. Kin ce ƙarya ƙarya ce. Na yarda. Amma wa na cuta? Ido ɗaya ne cikin idanu masu yawa. Hoton tsoho guda ba zai rushe musu aiki ba. Haka nake gaya wa kaina ina wanke kwano, kuma wani lokaci har ina yarda.

Sai dai jiya takarda ta zo daga Dakta Sela, da hannunta ta rubuta. Tana so in je mu zauna, ba ranar Talata ba, ranar Alhamis, lokacin da babu kowa. Na manta cewa hoton ido ba ya sauraron kujera.

Zan je. Ban san abin da zan ce ba. Na goge takalmi.

Yayanki,
Mervyn


Wynnum
Watan Disamba

Ƙanwata Glenys,

Ina yi miki gaisuwa irin ta wanda ya daɗe bai rubuto ba, tare da neman afuwa. Ina fatan kina lafiya, Athol ma haka, kuma jikokin sun iso hutun Kirsimeti lafiya. Katinki yana kan firiji. Nan hadari ake yi kusan kowace yamma, jemagu kuma sun gama da mangwaron bayan gida tun bai nuna ba.

Kin yi ta tambaya me ya faru ranar Alhamis ɗin. Ga shi.

Ɗakin jira ba kowa, tukunyar shayi ma a kashe. Dakta Sela ta shigar da ni ofishinta, ta jera hotunan idona a kwamfuta, daga na farko har na watan jiya. Ba sai mai ilimi ba. A na farko zaren sun cika fili. A na ƙarshe sai ka nema, kuma waɗanda suka rage sun sirance.

Ba ta tuhume ni ba. Ta ce, "Baba, jijiyoyin sun ragu. Amma tsufa ma yana rage su, kuma takardar Bronwyn ta ce ƙafarka tana ji sarai. In haka ne, ba ni da abin cewa. Zan rubuta cewa haka idon mai lafiya yake a shekarunka, mu ci gaba." Ta kafa mini ido. Ƙofar tsira a buɗe take, Glenys. Kai kawai zan gyaɗa, in samu Talatata.

Ban san abin da ya sa na tambaya ba. Na ce, in kin rubuta haka, sai me?

Ta sa yatsa ta ja layi biyu a kan tebur, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ta ce na sama masu lafiya ne, na ƙasa masu ciwo, kuma duk aikinsu na shekarun nan tazarar da ke tsakani ce. Da ita likita zai dubi idon mutum ya ce, kai ka fara, mu tare shi tun yanzu. Ta ce a matasa tana da mutane da yawa, ɗaya ba ya motsa layi. Amma a tsofaffi kusan ni ne layin. Ta jawo yatsanta na sama ya matso kusa da na ƙasa. Ta ce, "In ka sauko, layin ya sauko. Wata rana wata tsohuwa za ta zo da ido irin wannan, a duba a ce mata, je ki gida, Mama, tsufa ne."

Ba ta san abin da ta taɓa ba. Ko ta sani, ban tambaye ta ba. Kalmar da aka yi ta gaya wa Noelene ke nan tun tana cewa ƙafafunta kamar a cikin safa suke. Tsufa ne, Misis Tregear. Mu dawo gida a mota tana kallon taga. Kafin a yarda da ita ciwon ya riga ya yi nisa. Kuma hotunanta suna cikin layin nan na ƙasa. Ita ta zauna a na'urar da take zagi, tana hawaye saboda maganin, don a ga yadda abin ya kai. Ni kuma zan zo in matso da nawa layin kusa da nata, in ce ai ba wani ciwo ta yi ba.

Na sunkuya na kwance takalmin. Na daɗe ina fama da igiyar, ba ta taimake ni ba, kuma na gode mata da hakan. Na cire safa na ɗora ƙafar a kan kujera. Na ce mata kujerar Bronwyn tana bukatar mai.

Ta dube ni, sai ta fashe da dariyar nan tata, tana yi tana share ido. Ta ce, "Kai, Baba! Kujera?" Ni ma na yi dariya.

Na yi ƙarfin hali na ce, to a mayar da ni rukunin su Clarrie mana, tunda na samu ciwo. Ta girgiza kai. Binciken na masu suga ne, ni kuwa ba ni da shi. Na ce, ɗalibai fa? Har yanzu ba na ƙiftawa. Ta ce idon da jijiyoyinsa suka yi rauni ba ya saurin warkewa in an ƙuje shi, ba za ta bar mai koyo ya taɓa shi ba. Ta ce in riƙa leƙowa shan shayi. Da zuciya ɗaya ta faɗa. Na gwada sau ɗaya, Talatar da ta wuce. Ƙofar ciki da kati ake buɗe ta, nawa kuma an karɓa, sai da aka kira wani ya sauko ya shigar da ni. Ana ta kiran sunaye ana shiga, ni ina riƙe da kofi. Clarrie ya ɗaga sanda zai yi kirarin da ya saba, sai ya sauke ta. Ya ce, "Zauna nan, Merv." Bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar. Ba zan koma ba.

Abu ɗaya ya rage ban gaya miki ba. Ranar Alhamis ɗin, kafin in tafi, Dakta Sela ta ce in dakata. Ta ce a zuwana na ƙarshe sun gwada wata sabuwar hanya, sun ɗauki hotunan wuri guda a jere na ɗan lokaci, suka haɗa su suka zama kamar fim. Ta kunna.

Ga zaren nan 'yan kaɗan a kwance. Sai na ga wani abu yana motsi a tsakaninsu. Wasu 'yan fararen halittu ne, ƙanana ƙwarai, masu hannuwa. Ɗaya ya miƙa hannu ya janye, ya sake miƙawa wani gefen. Wani yana rarrafe a hankali, ya tsaya, ya juya, ya ci gaba. Ta ce ƙwayoyin jikina ne masu tsaro, aikinsu ke nan dare da rana, suna zagaya ido suna neman abin da ya shigo. Ta ce nawa suna da kuzari.

Na roƙe ta ta sake kunnawa. Ta sake. Ina zaune da takalmi ɗaya a hannu ina kallonsu. Tun rasuwar Noelene nake ɗauka ni kaɗai ne a gidan nan. Ga su nan suna ta kai da kawowa, suna ta hidima, ba wanda ya gaya musu an sallame ni.

Ki gai da Athol da yaran. Kada ki kira, ba zan ji ba. Ki rubuto, ko layi biyu ne.

Yayanki mai ƙaunarki,
Mervyn Tregear